Ƙaura a Daren Ruwa

Kwana uku ruwa bai ɗauke ba a Valdivia,
kogin Calle-Calle ya kumbura har bakin matakala,
ita kuma kwamfutata ta ce ta ƙoshi.
Jan layi a allo: saura megabayit tamanin.
Shekara goma sha ɗaya ina ɗura mata kukan kwaɗi,
na fadama, na kogon itace, na kududdufin bayan makabarta,
yau ko tari na yi ba ta da inda za ta ajiye.

Rayén jikanyata ta shigo da magariba, rigarta na ɗiga,
ta zaro wani abu, tafin hannu ya fi shi faɗi.
"Tata, terabayit biyu ne. Tara kwaɗi har ka gaji."
Na ce to, a kwashe fayilolin a zuba.
Ta yi dariya. "Ba kwasar kaya za mu yi ba.
Gidan za mu ɗauka ɗungurungum,
da harsashinsa, da ƙofar da ke ƙara,
da makullin da kake ɓoyewa a tukunyar fure,
har yanar da gizo-gizo ya saƙa a bayan kabad."

Ta jona waya. Ta duba, ta sake dubawa,
wane ne mai bayarwa, wane ne mai karɓa,
don in aka juya su, in ji ta,
wofi ne zai hau kan cikakke ya shafe shi tas,
kuma wofi ba ya amai.

Kashi huɗu cikin ɗari. Na ƙara itace a murhu.
Kashi tara. Muka sha mate da tsinke ɗaya.
Kashi ashirin, ta fara gyangyaɗi.
A talatin da ɗaya abin ya cije.
Tsohon faifan ya ce ƙas. Ya yi shiru. Ya ce ƙas.
"Wani gurbi ya ruɓe," ta ce, "za mu tsallake shi."
Na ce me ke ciki? Ta ɗaga kafaɗa.

Ban gaya mata ba.
Akwai wani dare, shekarar da gadar katako ta karye,
ina naɗar kwaɗi a bayan gida,
Herminia ta leƙo ta taga ta ɓata min aiki:
"Eleuterio, miya ta huce, su ba za su gudu ba!"
Na yi fushi a ranar. Ban goge ba, kasala ce kawai.
Daƙiƙa shida ke nan, su ne duk muryarta da ta rage.

Da asuba layin ya cika.
Rayén ta kwance ƙusoshi huɗu, ɗaya ya gangara ƙarƙashin kujera,
muka neme shi da tocila, ni da gwiwoyin nan nawa.
Ta sa sabo a gurbin tsoho. Ta danna.
Fanka ta juya. Allo ya yi baƙi ya daɗe,
sannan ga hotona a karkace kamar jiya,
ga kalmar sirrin da nake mantawa.

Amma jan layin na nan: saura tamanin.
Na ce yarinya, an yi gudun gara an faɗa gidan zago?
"Mun sayi fili," ta ce, "katanga ce ba mu matsar ba."
Ta kama gefen akwatin da linzami, ta ja shi dama,
ta ja, ta ja, har bango ya kai ƙarshen gona.
Ja ya koma shuɗi.

Sai da ta tafi kama bas na lalubo daren nan.
Kwaɗi. Kwaɗi. Ƙarar taga.
Miya ta huce.

Abin da ya ruɓe a talatin da ɗaya, har yau ban san shi ba.
Ƙila rasit ne, ƙila wani kwaɗo ne da ba zai sake kuka ba.
Tsohon faifan na naɗe shi cikin safar ulu,
yana aljihun tebur, kusa da tabaraunta.
Ruwan ya tsagaita.
Ina takalmin robana?